Hudar da Muka Yi wa Alhaji

Ranar da muka zauna karɓar gaisuwar rasuwar Asher Jang a ƙofar gidan Alhaji Jaji da ke Takur, duk wanda ya zo magana ɗaya yake faɗa: "Allah sarki Malam Ashiru, mutum mai amsa gaisuwa." Liman ya faɗa, mai injin markaɗe ya faɗa, har faston cocinsu da ya ji ana ta maimaitawa shi ma ya ɗauka. Ni kuwa ina gefen tabarma, hawaye na zuba, dariya kuma na taso mini, sai na rufe fuska da hula. Aka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina, aka yi ta ba ni haƙuri. Mu kaɗan ne muka san yadda aka yi abokina ya zama mai amsa gaisuwa, kuma ina so in faɗa tun ina iya tunawa da muryarsa.

Asher ya zo Dutse ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro Jigawa, lokacin da ma'aikata ke kwana a ofis suna shanya singileti a bayan kujera. Mutumin Filato ne, daga wani ƙauye a bayan Jos, amma a Kano ya fara aiki, aka turo shi tare da tebura. Aikinsa lasifika. Duk inda za a buɗe rijiyar burtsatse ko a raba takin zamani, shi zai riga kowa zuwa, ya ɗaura ƙahonni biyu a kan sanda, ya hura makirfo, sannan ya koma gefe ya sha jawabi. Yakan ce mini, "Tela, kunnena na gwamnati ne daga safe zuwa azahar. Daga la'asar kuma nawa ne." Sunansa ya gagari bakin mutanen unguwa suka mai da shi Ashiru, bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ni Sagiru, daga Miga na zo da keken ɗinkina, na kama shagon da ke jikin gidan Alhaji Jaji. Asher da matarsa Chundung, malamar firamare da muke kira Maman Alheri, suka kama ciki da falo a gidan. Wata rana ya leƙo shagona da wani abu baƙi zagayayye a hannu, duk ya ɓare, kamar gammon 'yar tsana.

"Za ka iya ɗinka irin wannan?"

"Wa zai ɗauki kaya da shi?"

"Kunne," in ji shi.

Ashe matashin hedifon ne, wato abin jin sautin nan da ake kifawa a kan kunnuwa irin na matuƙan jirgi. Na ɗinka masa da ragowar yadin kaftani. Ya gwada, ya ce ɗinkin ya yi kyau amma yadin yana shanye ganga. Ban gane ba, na ce ya kawo in sake. Daga nan na shiga aikin da ban fita ba sai da ya bar duniya.

Shi ya koya mini cewa hedifon iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda yake kamar rumfa, iska ta shiga sauti ya fita, kai ka ji maƙwabcinka ya ji. Akwai mai rufaffen baya, shi kuma kamar rumbu ne, abin da aka zuba yana ciki. Asher rufaffe kawai yake saye, saboda dalili biyu. Na farko injin markaɗen Sharhabilu da ke bayan katanga. Na biyu Maman Alheri, wadda ta rantse in ta ƙara jin kaset ɗin nan nasa a fili za ta jefa shi a tukunyar miya.

Guda uku gare shi, duk daga 'yan gwanjon Kano, kuma kowanne da sunansa. Akwai Nas, fari fes, mai tsinin sauti, yana cewa tana da tsafta amma allurarta da zafi. Akwai Sakatare, wanda ke fito da kowace kalma dalla-dalla amma ba ka jin komai a zuciya. Sai babbansu, baƙi mai nauyi da ƙyalli a gefe, wanda in ka sa shi kanka zai cika da rugugi kamar hadari na tasowa. Shi ya raɗa wa Alhaji. Ba da mai gidanmu yake ba, Allah ya sani. Ya ce abin ne ya yi kama da mutumin da ya shigo taro da babbar riga.

Kaset ɗin gwajinsa kuwa ɗaya ne tak. Wata sallah na kai shi garinmu, muka shiga kasuwar Miga, muka tarar da wani tsoho yana kaɗa garaya a gindin tsamiya. Asher ya nemi izini ya ɗauka da rikodarsa. A tsakiyar kiɗan wani zakara ya yi cara. Asher ya rantse ranar zakaran yana bayan kafaɗarsa ta hagu, wajen masu sayar da kaji. To duk hedifon ɗin da ya sa, zakaran ba ya komawa wurinsa. A Nas kamar ɗan tsako mai mura. A Sakatare yana tsakiyar ka, yana cara kamar mai karanta sanarwa. A Alhaji kuwa rugugi ya danne shi, sai ka ce daga cikin rijiya yake. Burin abokina a duniya, bayan 'yarsa Alheri ta yi karatu, shi ne ya mai da zakaran nan bayan kafaɗarsa ta hagu.

Don haka kullum la'asar zai fito da kujerarsa ta roba gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ba titi baya don kada masu wucewa su ɗauke masa hankali, ya shimfiɗa jarida, ya kwance sukurori. Ya cusa audugar da tsohuwata ke kaɗi da ita, ya saurara, ya cire. Ya cusa rimi, har matashin kan Maman Alheri ya rame ba ta san dalili ba. Ya gwada soson katifa, ya gwada gashin tunkiya. Ni kuma ina ɗinka matasai, na karan-miski, na leshi, na fatar akuya da muka samo wajen majema. In ya saurari wurin zakaran sai ya ciro kaset, ya zura biro ya murza baya don kada batir ya ƙare, ya sake. Da harshen miya yake maganar sauti. Wannan gishiri ya yi yawa. Wannan ya yi ruwa. Wannan da daɗi amma ba daddawa.

Sai ya kifa mini. "Me ka ji?"

"Garaya."

"Zakaran fa?"

"Yana nan."

"A ina?"

"A kaset mana, Injiniya."

Sai ya dube ni irin kallon da ake yi wa mara lafiyar da ba a son gaya masa sunan ciwonsa. Ya ce, "Ba komai, Tela. Allah ya ba ka hannu, bai zama dole ya haɗa maka da kunne ba." Ban taɓa jin bambancin da yake ji ba, bai kuma taɓa fasa tambayata ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a gari ya sauya. Masu sayar da kaset suka juya lasifikarsu zuwa wa'azi, makaɗa suka rataye kalangu a bayan ƙyaure. Mutanen da na sani da iya taka rawa a biki suka tsayar da gemu cikin gaggawa. Ni ma na sha aiki, don wanduna aka yi ta kawowa a rage musu tsawo. Cikin 'yan'uwan su Asher wasu suka tura iyali gida, wasu suka nemi canjin wurin aiki, don kowa da labarin da ya ji. Maman Alheri ta sauko da akwatuna daga kan wadirof ta kakkaɓe. Asher ya ce ba inda za shi, wai sanyin Jos yana busar da fatar akuya. Da muka keɓe ya ce mini, "Tela, in na koma can baƙo ne ni. A nan aka san kujerata."

Shi dai abin da ya gani a sauyin nan shi ne gari ya yi shiru, kunne ya samu fili. A watannin nan ne ya cim ma rufuwar da ya daɗe yana nema. Na ɗinka wa Alhaji matasai na fatar akuya mai laushi, ya cika su da rimi, ya bi duk wata kafa ya liƙe da kakin zuma. In ka kifa shi, ko Sharhabilu na markaɗa masara ba ka ji. Asher ya yi murna kwana biyu. Daga baya ya fara ɓata rai, wai rufuwar ta yi amma rugugin ya ƙaru.

Alhaji Jaji, mai gidanmu, dattijo ne manomi, mai sayar da hatsi, wanda ya gina gidajen haya da jiha ta zo. Mutumin kirki ne, amma bai haɗa gaisuwa da komai ba. In ya tsaya gaishe ka sai ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi akuyar da ka sayar bara. A shekarar nan aka naɗa shi shugaban wani kwamiti da unguwa ta kafa don gyaran tarbiyya, ya sayi sabuwar sanda.

Wata la'asar ya zo wucewa da baƙi biyu, shugabannin irin kwamitinsa daga wata unguwa. Yana so ya nuna musu yadda yake zaune lafiya da ɗan hayarsa Kirista. Ina cikin shago ina gani. Ya tsaya bayan kujerar Asher ya ce, "Malam Ashiru, barka da yamma."

Shiru. Asher ya rufe ido, hedifon ɗinsa Alhaji na kansa.

Dattijo ya gyara murya ya sake. Shiru. Ya sake, har da buga sanda a ƙasa. Daidai lokacin zakaran ya yi cara a cikin rijiyarsa. Asher ya ja wani dogon tsaki, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, sannan ya ɗaga murya yadda mai hedifon ke yi don ba ya jin kansa:

"Tela, Alhajin nan fanko ne. Ƙara kawai, ba ma'ana. Gobe zan farke shi in cusa masa auduga."

Na taso da gudu, ƙafata ta harɗe da zaren keke. Kafin in isa Alhaji Jaji ya juya, baƙinsa na biye da shi suna kallon sama. Na fizge abin daga kan Asher. Ya ce, "Lafiya?" Na nuna masa bayan babbar rigar da ke shan kwana.

Washegari saƙo ya zo: in wata ya ƙare a ba shi ɗakinsa. A wata shekarar da sai a ce a nemi wani gidan. Amma a shekarar nan, wa zai ba da haya ga Kiristan da ya yi wa dattijo tsaki a gaban baƙi ya ce zai farke shi? Barin gidan nan barin Dutse ne, kowa ya sani. Maman Alheri dai ta fara jera kwanuka a kwali.

Labari kuwa ya yi ƙafa. Wasu suka ce da abin nan yake magana da Jos. Wasu suka ce Abuja. Wata tsohuwa ta ce ita ta daɗe da sanin mutumin da ke zama shi kaɗai yana gyaɗa kai ba shi kaɗai ba ne. Asher ya je ba da haƙuri, aka ce Alhaji na barci, alhali muna jin tarinsa. Sai ni na je, na durƙusa a zaure.

"Baba Alhaji, wallahi ba da kai yake ba. Abin kunnen ne sunansa Alhaji."

"Abin kunnen."

"E, Baba. Saboda girmansa."

"Wato takalmin kunnensa ya raɗa wa sunana."

"A'a, Baba, ai akwai Sakatare ma, akwai Nas."

"Su ma ya ce zai farke su?"

Na ga ina ƙara ɓata lamarin, na yi sallama na fito. Na wuce wurin mai unguwa, wanda nake yi wa ɗinki tun zuwana, na roƙe shi ya sa baki. Ya ce a zo da mutumin da kuma abin.

Muka hallara a zaurensa bayan la'asar: shi, Alhaji Jaji, 'yan kwamiti, Asher da rikodarsa a cinya, sai ni a bakin ƙofa. Asher ya yi bayanin rumfa da rumbu, ya fara shiga maganar kakin zuma, na taka masa ƙafa. Mai unguwa ya ce magana ba ta da wuya. Tunda an ce wanda ya sa ba ya jin na waje, Alhaji ya sa da kansa, a kunna abin da Ashiru ke ji ranar.

Asher ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, garaya ce."

Wani ɗan kwamiti ya ce ba a zauren nan za a kunna kiɗa ba. Mai unguwa ya ce, "Ai an ce ba ya fita. In ya fita, mun kama shi da laifi biyu. In bai fita ba, mu ba mu ji komai ba."

Alhaji Jaji ya cire hula ya ajiye a gwiwa, fuska a murtuke. Asher ya kifa masa takwaransa, ya danna. Ba abin da ya fito, ko ɗis. Muka zuba wa dattijo ido. Da farko kamar an kai shi wurin mai cire haƙori. Can sai na ga babban yatsan ƙafarsa ya motsa. Sai ido ya lumshe. Sai kai ya fara tafiya gaba da baya.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, barka da yamma."

Shiru.

"Alhaji Jaji, ya iyali? Ya gona?"

Shiru. Sai kawai dattijo ya buɗe baki da muryar da ta kai titi: "Wannan ai Na-Tsamiya ne. Yana raye ashe? Shi ya yi mana kiɗa shekarar da muka yi farauta a dajin gabas, har na yaga riga. Ku ji hannu, don Allah ku ji hannu."

Ban taɓa ganin mutane sun ƙura wa tabarma ido irin na ranar ba. Asher ya kashe rikoda a hankali. Alhaji ya buɗe ido ya ga zaure tsit.

"Me ya faru?"

"Ba komai," in ji mai unguwa. "Gaishe ka nake ta yi."

Alhaji ya mai da hularsa, ya daɗe yana gyara mata zama. Mai unguwa ya bar shi ya gama, sannan ya yanke hukunci. Ya ce laifin ba na Ashiru ba ne, na abin ne. Amma abin da ke hana gaisuwa shiga ba zai zauna a unguwarsa ba. Ko rumbu ana yi masa ƙofa. A yi wa abin ƙofar da gaisuwa za ta bi, ko kuwa mai shi ya zaɓa tsakaninsa da ɗakin. Alhaji Jaji ya ce ya yarda, da sharaɗin shi da kansa zai zo ya gwada ƙofar, ba tare da ya faɗi rana ba.

Wani zai ce ai an gama. To bai san Asher ba. Duk shekarun nan toshe kafa yake yi, yanzu an ce ya buɗe da hannunsa. Ya ce zai ajiye Alhaji ya riƙa sa Sakatare. Na ce Sakatare ma rufaffe ne, kuma hukunci bai ware kowa ba. Ya ce zai riƙa saurare a ɗaki. Maman Alheri ta ce ɗakin da za a karɓe? Ta ce, "Baban Alheri, ko ka huda shi, ko ni in huda shi da taɓarya." Ita da ta fara haɗa kaya, ashe ita ma ba ta son tafiyar.

Da safe ya shigo shagona da abin a hannu biyu, ya zauna ya rungume shi kamar uban da ya kawo ɗa wurin wanzami. Ya ce shi ba zai iya ba. Na sa basilla a garwashin dutsen guga har ta yi ja. Ya nuna mini wuri a bayan kunnen hagu na hedifon, ya kau da kai. Na soka, roba ta yi ƙauri. Na ce a yi wa na dama ma don kada gaisuwa ta riƙa shigowa a karkace. Ya ɗaga hannu alamar in yi abin da na ga dama.

Ya daɗe bai sa ba. Da ya sa, ya danna rikoda, ya kasa kunne. Ya ciro kaset, ya murza da biro, ya sake. Ina kallonsa, sai na ga yana juya wuya a hankali, yana leƙa bayan kafaɗarsa ta hagu, inda ba komai sai rigunan mutane a rataye. Ido ya kawo ruwa.

"Ya koma, Tela."

"Wa?"

"Zakaran. Yana wajen masu kaji."

Daga baya ya yi mini bayani, wai iska ce ta rasa hanyar fita take ta rugugi a ciki, da ta samu ƙofa sai ta huce. Kafin mako ya zagayo ya fara cewa da ma ya daɗe yana tunanin yin hudar, lokaci ne bai yi ba. Na ce haka ne, Injiniya. Ya kifa mini ya ce yanzu fa? Na ce garaya. Ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Sai dai akwai matsala. Hudar ta gyara zakara, amma ba ta shigar da gaisuwa ba. Muka gwada: na tsaya a bayansa na ce barka da yamma, ya ce kamar sauro a cikin tulu. Na ce a faɗaɗa. Ya rufe hudar da tafin hannu ya ce sai dai a faɗaɗa shi. Ga Alhaji Jaji na iya zuwa kowane lokaci.

Dabarar da ya yi ita ce ta zama halinsa har mutuwa. Ya juya kujerarsa ta fuskanci titi. Ya daina rufe ido biyu, sai ɗaya. Kuma duk abin da ya gifta, ko ya yi magana ko bai yi ba, Asher zai ɗaga hannu ya amsa.

Ranar gwaji Alhaji Jaji ya biyo ta jikin katanga, ya ɗage sanda don kada ta yi ƙara. Ya buɗe baki, ni na san tari zai yi. Asher ya hango gefen riga, ya ce da ƙarfi, "Lafiya lau, Baba Alhaji. Gida lafiya, aiki da godiya. Ya gona? Madalla, madalla."

Dattijo ya tsaya da tarinsa a maƙogwaro. Ya dube ni ya ce, "Ƙofar ta yi." Ya wuce. Da yamma Maman Alheri ta fito da kwanuka daga kwali.

Daga nan fa ba wanda ya tsira. Ya amsa wa 'yan acaɓa. Ya amsa wa masu tallan ruwa. Ya amsa wa akuyar Sharhabilu har ta saba tana tsayawa. Wani ya zo gaya masa tayar babur ɗinsa ta sace, ya ce madalla, madalla. Mutane biyu na faɗa a titi, ya ce musu iyali lafiya lau, suka rasa abin yi suka rabu. Waɗanda ba su da niyyar gaishe shi suka fara jin kunya, tunda an riga an amsa, sai su biya bashin gaisuwar a baya. A shekarun da mutane ke duban juna a kaikaice, ƙofar gidanmu ta zama wurin da ba ka wucewa ba a kula ka ba.

Bayan wasu watanni Alhaji Jaji ya shigo shagona, ya tura ƙyaure, ya zaro wani hedifon daga cikin babbar riga. Ya ce ɗansa ne ya kawo masa daga Kano, na jin wa'azi ne. Yana so Malam Ashiru ya duba shi, ni kuma in yi masa irin fatar nan. Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Nawa kada a yi masa ƙofa."

"To, Baba."

"Kuma kaset ɗin nan, in da hali a kwafa mini. Saboda zakaran."

Asher ya yi masa aikin da ya fi na kowa. Tun daga nan in sun haɗu sai dattijo ya gama tambayar gida da aiki, sannan ya rage murya ya ce, "Ya takwarana?"

Ciwon Asher bai ja lokaci ba. Da damina ya fara, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Da na je duba shi a asibiti ya ce fankar ɗakin gishirinta ya yi yawa. Na yi dariya, shi ma ya yi, sai ya riƙe hannuna ya ce in riƙa shafa wa fatar hedifon ɗinsa man kaɗanya, kada ta bushe. Na gane. Da ya rasu muka kai shi ƙauyensu a bayan Jos, cikin sanyin da yake cewa yana busar da fata. Alhaji Jaji bai iya tafiyar ba saboda ƙafa, amma ya aika wa Maman Alheri cewa ɗakin nata ne muddin tana so. Tana nan har yanzu, tana koyarwa.

Ita ta kawo mini Alhaji a cikin ɗankwali, da rikodar da kaset ɗin. Ina shafa man. Wani lokaci in sa, in murza da biro, in jira zakaran. Har yau a kaset nake jin sa. Amma ina juya wuya hagu duk da haka, ko zan dace.

Kujerar robar tana nan gindin darbejiya, ba wanda ya iya ɗauke ta. Kwanan baya da la'asar ina kan keke, Alhaji Jaji ya zo wucewa a hankali da sandarsa. Ya tsaya a gaban kujerar kamar kullum ya ce, "Malam Ashiru, barka da yamma." Sai ya tuna. Bai tafi ba, ya tsaya yana kallon ƙasa, kamar wanda ba a sallama ba.

Na tsayar da keke, na leƙo. Na gyara murya na amsa.

"Lafiya lau, Baba Alhaji. Ya gona?"